Bin Sawun Sardauna a Tsofaffin Shafukan New Nigerian

In dattawan Arewa suka zauna lissafa abin da Sir Ahmadu Bello ya bari, jerin ba ya canzawa sosai: Jami'ar Zariya, Bankin Arewa, gidan rediyo da talbijin na Kaduna, sai jaridar New Nigerian. Da lokacin zaɓen abin da zan rubuta kundin digirina na biyu a kai ya yi, na ɗauki na ƙarshen nan, na tsara take a kan dangantakar Sardauna da jaridar, na kai wa malamin da zai duba aikina. Ya karanta, ya ajiye takardar, ya ce kafin mu yi maganar take, in je in ƙirgo masa fitowa nawa jaridar ta yi Sardauna yana raye.

Lissafin ba ya bukatar tafiya ko'ina. New Nigerian ta fara fitowa ranar Asabar 1 ga Janairu 1966. An kashe Sardauna a gidansa da ke Kaduna kafin wayewar garin Asabar 15 ga watan. Mako biyu ke nan, kuma a lokacin ba a buga ta ranar Lahadi, don haka fitowar goma sha 'yan kai ce. Jinjiri ne da aka yi sunansa da mako guda uban ya rasu. Malam ya ce to ga aikinka nan: mutumin da bai ga fitowa ashirin ba, ta yaya sunansa ya manne wa jarida shekara sittin? Je ka gano inda zaren ya ƙullu.

Matakin farko takarda ce. Ba a shiga ma'adanar takardun tarihi da baki kawai, sai da wasiƙar gabatarwa daga sashen da mutum yake karatu, mai ɗauke da sunansa da taken bincikensa da sa hannun shugaban sashe da hatimi. Shawarata ga mai niyyar irin wannan aiki ita ce ya sa a rubuta taken da faɗi. In wasiƙar ta ce 1966 kawai, ranar da ka nemi kundin 1953 sai an yi ta bayani. Tawa na roƙa aka sa daga 1939 zuwa 1975, kuma na yi kwafi da yawa domin kowane wuri yana riƙe ɗaya a fayil.

Da Gidan Arewa na fara, wato Arewa House da ke kan titin Rabah a Kaduna. Nan ne gidan Firimiya, nan aka kashe shi tare da matarsa Hafsatu, kuma tun 1970 wurin ya zama cibiyar tattara tarihi, aikin da Farfesa Abdullahi Smith ya aza harsashinsa, daga baya ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Zama a harabar da abin ya faru kana buɗe jaridar makon da abin ya faru yana da nauyi, amma tsarin aikin ba ruwansa da wannan. Ka miƙa wasiƙa, ka cike fom, ka sa hannu a rajista, ka ajiye jaka, ka rubuta sunan jarida da wata da shekara a 'yar takarda, ka jira.

Wanda bai taɓa ganin tsohuwar jarida a ɗinke ba zai sha mamakin girmanta. Ana haɗa fitowar wata ɗaya ko fiye a yi mata bango mai kauri, sai an sa hannu biyu a ɗauka. Takardar ta yi ja, gefenta ya bushe, in ka ja shafi daga ƙasa kamar yadda ake yi wa littafi zai yage a hannunka. Ma'aikacin da ya kawo min na farko ya tsaya ya nuna min: a kama kusurwar sama da yatsu, a sa tafin ɗaya hannun a ƙarƙashi, a raka shafin har ya kwanta. Fensir ake amfani da shi, ba biro ba. Mai saurin mura ya zo da takunkumi, musamman da hunturu. Inda aka ba da izinin ɗaukar hoto da waya, dabarar da ta fi yi min amfani ita ce in fara ɗaukar saman shafi inda kwanan wata yake, sannan labarin. In ba haka ba, a dawo gida da ɗaruruwan hotuna a rasa na wace rana ne. A littafina kuma na ja layuka: rana, shafi, labari ne ko sharhin edita ko wasiƙar mai karatu, da kuma bakin wa aka ari maganar.

Makon nan biyu sun zo cikin watan azumi, kuma ƙasa a ɗaure take. Yamma tana ci da wuta tun bayan zaɓen Oktoba 1965. A Legas, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa yana karɓar baƙuncin shugabannin ƙasashen rainon Ingila a taron da aka kira a kan Rodeshiya, ranakun 11 da 12 ga wata. Sardauna kansa bai daɗe da dawowa daga Umra ba, kuma ranar 14 Firimiyan Jihar Yamma Samuel Akintola ya zo Kaduna ya gana da shi. Ana karanta shafukan ne da sanin abin da masu rubuta su ba su sani ba, kuma wannan tarko ne. Sai mutum ya riƙa ganin alama a kowane layi. Na tilasta wa kaina in karanta har da tallace-tallace, na motoci da na neman ma'aikata da kuɗinsu a fam da sule, domin in tuna cewa waɗanda suka buga ta ranar Juma'a suna shirin ta Litinin ne kamar kowa.

Abin da ke cikin waɗannan fitowa ba zai cika babi ɗaya ba. Firimiya yana ciki kamar yadda shugaban gwamnati yake cikin jaridar gwamnatinsa. Amsar tambayar Malam ba ta nan, don haka na juya baya.

Bayan nan Zariya ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairu 1939, Abubakar Imam yana edita, Rupert East yana kula da aikin. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1948 kamfanin ya fito da ta Turanci, Nigerian Citizen. Waɗannan biyun su ne jaridun da Ahmadu Bello ya yi siyasarsa duka da su, tun kafin ƙungiyarsu ta NPC ta zama jam'iyya a 1951 har ya zama Firimiya a 1954. Citizen ba kullum take fitowa ba, kuma a nan matsalar take. Jaridun Legas da Ibadan za su yi kwanaki suna dukan abu, kafin amsar Arewa ta fito daga Zariya maganar ta yi sanyi.

Na fi daɗewa a kan 1953, domin a ganina a nan tabon yake. Ranar 31 ga Maris na shekarar Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a Majalisar Wakilai. Sardauna ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da hali ya yi. Majalisa ta watse, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, jaridun Kudu suka kira su 'yan amshin shatar Turawa. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano lokacin da tawagar jam'iyyar Action Group ta Yamma ta zo rangadi. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962, Sardauna bai ɓoye zafin abin da aka yi musu a Legas ba. Na jera jaridun watannin nan gefe da gefe, kuma ko a yawan takarda kaɗai ana ganin wanda ke da murya. Shekara goma bayan haka aka sake maimaita wasan a kan ƙidayar 1962 da 1963, sannan zaɓen tarayya na Disamba 1964.

Sai da na kalli takwarorin Sardauna na Kudu na gane irin bambancinsa. Nnamdi Azikiwe ɗan jarida ne kafin ya zama ɗan siyasa. Ya kafa West African Pilot a 1937, ya yi jerin jaridu a garuruwa, har da Comet da ta koma Kano ta zama dandalin 'yan NEPU. Obafemi Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a Ibadan a 1949. Su biyun jaridunsu nasu ne, suna rubutu a ciki da alƙalaminsu. Sardauna malamin makaranta ne, sannan hakimi, sannan kansila a majalisar Sarkin Musulmi. Bai fito daga ɗakin labarai ba, kuma New Nigerian ba kadararsa ba ce. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa kamfanin da kuɗin baitulmali. Wannan ba baƙon abu ba ne a lokacin: gwamnatin tarayya tana da Morning Post tun 1961, Gabas tana da Outlook, Akintola ya kafa Daily Sketch a 1964. Babbar cikinsu duka, Daily Times, a hannun kamfanin Daily Mirror na Landan take.

Daga nan na koma Kaduna, Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, ɗaya daga manyan rassa uku tare da Ibadan da Enugu. Aikin can daban ne. Ba jarida ake nema ba, fayil ake nema, kuma fayil ba ya zuwa da sunan abin da kake so. Sai ka zauna da littattafan jerin fayiloli na ofishin Firimiya da na ma'aikatar watsa labarai, ka bi layi-layi, ka zaɓi lamba bisa ɗan taken da wani akawu ya rubuta shekaru sittin da suka wuce. Wani fayil ya zo ka tarar maganar gidajen ma'aikata ce tun daga bango har bango. Abin da ake koya a can shi ne karanta gefen takarda, inda jami'i ke rubuta wa na sama da shi 'yan kalmomi ya sa baƙaƙen sunansa. Gwamnatin wancan zamani da rubutu take magana, kuma Firimiya ba shi ke rubuta yawancinsa ba. Nufinsa yana bi ta hannun minista da babban sakatare. Mai neman takarda guda da Sardauna ya ce a rubuta kaza a jarida ya sa hannu, bai san yadda ake mulki ba.

Akwai wani ɗakin karatu da ba zan kama sunansa ba, inda na je neman cike giɓin wasu watanni na Citizen. Kundin yana cikin rajistarsu, ba ya kan kanta. Wanda aka samu kuma wani ya riga ni da reza, ya yanke hotuna ya bar ramuka masu kusurwa huɗu, labarin bayan shafin ya tafi da su. Suna da kwafin da aka ɗauka a fim, na'urar karantawa na nan lulluɓe da zane, babu wuta. Ban yi faɗa da kowa ba, ma'aikatan ma takaicin ya fi cinsu. Na rubuta watannin a matsayin giɓi na wuce.

Takarda ba ta isa ba, sai an ji daga bakin mutane. Wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo a Kaduna wanda ya yi aiki a ɓangaren injin buga jaridar tun yana saurayi. Na je bayan la'asar da goro. Na durƙusa na gaishe shi, na yi bayanin kaina, na nemi izinin naɗar murya, na kuma faɗa masa ba zan sa sunansa ba sai ya yarda. Ya ce in bar sunan.

Na ce, “Baba, Sardauna yana zuwa wurin aikinku?”

Ya yi dariya. Ya ce, “Ɗana, mu da dare muke aiki. Mu dai mun san tasa ce. Ko bayan ba ya nan, in aka ce an yi kuskure a shafin farko, sai babba ya ce haka za ku yi wa jaridar Gamji?”

Ya daɗe yana ba ni labarin injin, yadda hoto ke fita tas a lokacin da na sauran jaridu ke fita dishi-dishi, da yadda motoci ke lodi cikin dare su kama hanyar Kano da Jos da Sakkwato. Wannan ya dace da abin da aka sani, cewa New Nigerian ta fara da sabuwar fasahar ɗab'i da ta sha gaban ta abokan gasarta. Amma da muka zo kan mutane, sai ya ce Sardauna ne ya ɗauko Adamu Ciroma ya ba shi edita. Ban katse shi ba, ba a yi wa dattijo gyara a zaurensa. A rubuce kuwa, Bature ne, Charles Sharp, ya ja ragamar jaridar da farko, kuma Ciroma ya zama edita cikin 1966 bayan rasuwar Sardauna, zamanin da Hassan Usman Katsina yake gwamnan soja na Arewa.

Wannan tuntuɓen harshe na Baba ya fi min wasu fayiloli amfani, kuma na sake jin irinsa a bakin wasu. Mutane suna jingina wa Sardauna abubuwan da aka yi bayan an binne shi, kuma ba ƙarya suke nufi ba. Ciroma ɗan Potiskum ne da ya karanta tarihi a Ibadan, ya fara aiki a gwamnatin Jihar Arewa. Shi da Mamman Daura da ya gaje shi a kujerar edita, da Turi Muhammadu da ya zo bayansu, duk 'ya'yan manufar nan ce ta gwamnatin Sardauna ta horar da 'yan Arewa su karɓi aikin gwamnati daga hannun Turawa da 'yan Kudu. Shi bai naɗa su a jaridar ba, amma tsarin da ya samar da su nasa ne. Da 'yan siyasa suka kau, wannan ajin na ma'aikata ne ya rage, kuma jaridar ta zama bakinsu.

Shi ya sa karatun watannin bayan Janairu ya fi na makon nan biyu nauyi. A watan Mayu 1966 Janar Aguiyi-Ironsi ya fito da Doka ta 34 da ta rushe tsarin jihohi ta haɗe aikin gwamnati, Arewa ta ƙi, aka yi kashe-kashe a garuruwa. Akwai marubutan da suka zargi New Nigerian da Gaskiya, wadda ta dawo ƙarƙashin kamfani ɗaya da ita a Kaduna, da hura wutar. Wasu kuma suka ce damuwar da ke zukatan mutane kawai suka bayyana. Na sa ɓangarorin biyu a kundina, kuma ra'ayina shi ne wanda ya tsallake wannan babi don yana ƙaunar jaridar, waƙar yabo ya rubuta. Haka nan wanda ya tsaya a nan bai yi adalci ba, domin jaridar da ta biyo baya ta yi suna da sharhin edita a shafin farko wanda gwamnatocin soja ke karantawa da fargaba, da filin Candido mai ɓoyayyen marubuci da ke zolayar manya. Jaridar gwamnati ce da ta iya gaya wa gwamnati abin da ba ta so, kuma ina ganin ta iya hakan ne saboda masu riƙe da ita suna jin biyayyarsu ga Arewa ce kafin ga wanda ke kan kujera.

Sauran tarihin na mallaka ne, kuma na bi shi da sauri. A Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Arewa jiha shida, gwamnatin da ta kafa jaridar ta daina wanzuwa, aka sa ta hannun hukumar riƙon ƙwarya mai kula da kadarorin haɗin gwiwa na jihohin. A 1975 gwamnatin Murtala Muhammed ta karɓe ta gaba ɗaya, ta kuma ɗauki kashi 60 cikin 100 na Daily Times. A shekarar Ciroma ya zama gwamnan Babban Banki. A 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da ita ga jihohin Arewa 19. Na bi ta gaban gininta a titin Ahmadu Bello, wanda shi ma sunan mutumin yake ɗauke da shi. Masu karatun Arewa na yau Daily Trust da Aminiya suka fi sani.

Da na zauna rubutu, makon nan biyu da na ɗauka su ne cibiya sun zama gajeren sashe a tsakiya. Babi mafi tsawo ya tafi kan 1953 zuwa 1965, na biye da shi kan editocin farko. Na rubuta hirarraki daga murya zuwa takarda da Hausar da aka yi su, na ware abin da takarda ta tabbatar daga abin da baki kaɗai ya faɗa, na nuna wa mai karatu wanne ne wanne.

Ranar kare kundin, wani farfesa da aka gayyato daga waje ya tambaye ni kai tsaye: ta Sardauna ce ko ta gwamnati? Na ce, ranka ya daɗe, a takarda ta gwamnati ce, shi ya sa ta samu injin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba, shi ya sa kuma duk lokacin da aka sake fasalin ƙasa sai ta sake uban gida. Ya ce in haka ne aikin bai cika ba sai na gwada ta da wadda mutum ɗaya ya mallaka. Pilot ta Azikiwe ba ta tsallake zamanin yaƙin basasa da ƙarfinta ba, amma Tribune har yau tana fitowa daga Ibadan a hannun iyalan Awolowo. Kwamitin ya amince da kundin bisa sharaɗin in ƙara sashe a kan wannan. Don haka tafiya ta gaba Ibadan ce, in nemi kundin Tribune na Janairu 1966, in ga yadda ta ba da labarin waɗannan ranaku a lokacin da mai ita yake tsare a kurkukun Kalaba.